Hannun Da Na Juya Maganin Feshi Da Shi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da rai har na iya riƙe biro.

Sunana Iliya, manomin rani ne ni a wajen Bunkure. Firamare ma ban gama ba, saboda haka ku yi haƙuri da rubutun. Fasto ne ya matsa mini in rubuta.

Kun san ni, ba ni da fara'a. Tun da matata ta rasu na ɗaure fuska da kowa, har da Allah. Amma aikin majami'a ban taɓa fashi ba. Ni ne yaɓen bango, ni ne hawa rufi, ni ne sharar ciyawa. Ba don ina ƙaunar kowa ba. Ni a ganina aikin ƙodago nake yi wa Allah, shi kuma ya tsare mini gona da lafiyata. In na ga masu waƙa da tafi sai in ce a raina, ku yi ta ihu, mu ne masu aikin.

Ranin da ya wuce tsutsa ta shiga tumatirina. Na sayo magani mai ƙarfi. A wajenmu kun san yadda muke yi: a zuba a bokiti, a juya da hannu, a goya injin feshi, babu rufe hanci. In an gama a sha nono, wai yana kashe dafin. Maƙwabcina na gona, Malam Hamisu, ya hango ni ya ce, "Iliya, sandar juyawa ta yi tsada ne?" Na ce masa hannun nan ya girmi maganin.

Rana ta take, ina feshi iska tana dawo mini da shi a fuska. Sai gumi, sai yawu yana zuba, sai amai. Na kira wata Bafulatana da ke wucewa na shanye ƙwaryar nono, ban ji sauƙi ba. Idona ya yi duhu, na faɗi a bakin kanal, magudanar da ke kawo mana ruwan rani.

Malam Hamisu ne ya ɗaure ni a bayansa da rawaninsa, ya ja babur har asibiti a Kura. Musulmi ne, bai tsaya tambayar komai ba.

Na farfaɗo da ƙarin ruwa a hannu. Hannuwana suna rawa, cokali ma ya gagare ni. Likita ya ce bai yi alkawarin za su dawo daidai ba. Manomin da ba shi da hannu, me ya rage masa? Na kwanta ina zagin Allah a zuciya. Na ce, duk wahalar da na yi maka, sakayyar ke nan?

Iya Talatu ce ta zo jinyata, tsohuwar nan ta zumuntar mata mai ɗingishi. Ban taɓa gaishe ta da kirki ba. Ta kawo kunu, ta ce, "Buɗe bakin, ɗan nan. Da don zagi ne ai da tuni ya buɗe."

Na ce, "Iya, ki bar ni. Allah ya cuce ni. Wa ya kai ni aiki a majami'armu?"

Ta ajiye kofin. Ta ce, "Kai manomi ne. Tumatirinka ne ya jawo ruwa daga dam ɗin Tiga, ko ruwan ne ya fitar da tumatir?"

Na kau da kai.

Ta ce, "Ƙaunar Allah ta riga ka zuwa gona. Naka kawai ka sa tiyo ruwan ya shiga, wannan ita ce bangaskiya. In ya shiga, 'ya'ya za su fito da kansu. Kai kuwa ka toshe bakin tiyon, kana ɗaura wa busasshen icce tumatir da zare. Sha kunu."

Na sha. Hannunta ne ya riƙe kofin, nawa suna kan cinya kamar na wani. Wallahi 'yan'uwa, a nan na karye! Ga ni ban iya yi wa Allah komai ba, ko tsinke ba zan ɗaga ba, amma ga ƙauna ana ba ni a baki. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izar matata. Na ce, "Yesu, ba ni da abin nuna maka. Ka karɓe ni haka." Iya ta ce amin, ta goge mini hanci da gefen zanenta.

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na yi barci.

Hannuwan ba su warke rana ɗaya ba. Yatsa ɗaya, sai biyu, har ranar da na kai tuwo baki da kaina. Yabo ga Ubangiji! Da aka sallame ni na tafi gona ina jiran in tarar da busasshen kara. Na tarar da kore. Ashe duk ranar da layin ruwa ya zo kaina, Malam Hamisu ke sa mini tiyo kafin ya sa nasa.

Yanzu ina aiki, amma da wata zuciya. Maƙwabcinmu Audu yana kwance da ciwon ƙafa, ni ke ba gonarsa ruwa, kuma ban jira Allah ya rubuta mini komai ba. Daɗi kawai nake ji, abin har mamaki yake ba ni.

Na gode wa Allah da ya mayar mini da hannuwana, ya kuma ba ni abin da ban nema ba. Kai da kake wahala kana jin haushi, ka daina ciniki da shi, ka dogara gare shi kawai. Ya riga ya ƙaunace ka. Baƙar maganata dai ba ta gama fita ba, ku ci gaba da yi mini addu'a. Amin.