Ranar Da Na Ɗauki Jan Goro

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da ni, bakina tafiyar hawainiya yake yi.

Ni ne Baba Iliya, mai goro a Kasuwar Malam Atta. Da ciwon shanyewar jiki ya kayar da ni, magana ta gudu, kalma ɗaya ta rage mini: "lafiya". Ina jin yunwa, lafiya. Ina jin haushi, lafiya!

Wani mai kiran kansa annabi ya sa aka ɗauke ni zuwa taronsa a filin Kawukudi. Ya tambaye ni gaban taro, "Ka warke?" Bakina ya ce lafiya. Aka yi ta ihu, ana ɗaukata a waya. Tun ran nan na daina addu'a. Na ce ko mutane ba su ji ni ba, balle Allah?

Sai ga wata yarinya daga jami'a, Adiza, har ɗakinmu a unguwar Nima. Wai suna bincike kan yadda masu irin ciwona suke ji a ruhu. Ruhu kuma? Na ce a raina, ga wata ta zo cin kasuwa da ni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ta ce, "Baba, ka yarda mu yi hira?"

Bakina ya ce lafiya. Matata Saratu ta ce, "Kin ji, ya yarda."

Adiza ta ce, "Mama, bari mu tabbatar." Ta ciro goro biyu daga farantina. "Fari, i. Ja, a'a."

Na ɗauki ja, ina harararta, in ga ƙarshen wayonta. Kun san me ta yi? Ta yi godiya, ta ɗauki jakarta ta tafi!

Na jira ta dawo da dabara. Shiru. Ni da kaina na dami Saratu da nuni har ta kira ta.

Da ta dawo ta ce, "Baba, kana jin Allah yana sauraronka?"

Saratu ta yi caraf: "Kullum yana addu'a!"

Na ɗaga ja. Saratu ta fashe da kuka, ni ma haka.

Bayan sun fita na riƙe goron nan a ƙirji. Ba baki, ba kalma. A zuci na ce, Ubangiji, ga a'a ɗina, ita kaɗai gare ni. 'Yan'uwa, nauyin da ke ƙirjina ya sauka! Halleluya!

Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, da aikin asibiti da jinƙan Yesu. Yanzu ina zama da su Adiza, muna duba tambayoyinsu kafin su kai wa marasa lafiya. Ban daina sa musu ido ba fa, kuma da jan goro a aljihu nake zuwa.

Na gode wa Allah. Ku dogara gare shi ko bakinku ya ƙi. In kuma kun je gaida marar magana ya ce muku lafiya, kada ku tashi tukuna. Ku zauna.

Amin.