Ɓangaren Yaya

A rumfar mai gyaran kwamfuta, wani malamin makaranta na zaune a benci, ana duba masa laftof.

"Malam, an raba faifan nan gida biyu, kowanne da manhajarsa," in ji mai gyara. "Naka ya cika maƙil, ɗayan kuwa kusan duk fili ne. Na waye?"

"Na yayana ne. Tare muka saye ta, shi ya raba."

"Allah ya jiƙansa."

"Yana raye. Shekara uku ke nan ba ma magana."

Mai gyara ya sunkuyar da kai. "To, in goge nasa?"

"A'a. Matsa katangar da ta raba su kaɗan, in samu wajen ajiye sakamakon ɗalibai."

"Ko matsawar akwai haɗari. Sai an kwafe kayansa tukuna."

"Ban san kalmar sirrinsa ba."

"Amma ga shi an kunna ɓangaren nasa shekaranjiya."

Malamin ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga.

"Ni ne. Iyakata inda sunansa ke fitowa, sai in kashe." Ya miƙa hannu. "Rufe ta, ɗan'uwa. Zan rage nawa kayan."