Kujerar Baya a Jirgin Dung

Rabaran, bawan Allah da ya buɗe mana taro da addu'a. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa da dattawansa. Dokta Nuru da ɗaliban da suka taso tun daga Manchester. Uwargida Celestina matar marigayi, Maman Kaneng, da ke Kaneng 'yata. Jama'a, sannunmu da zuwa. Yau kam mun zo.

Ni ne Bartholomew, kuma an ba ni magana ne wai don na fi kowa kusa da marigayi Dung. Maman Kaneng ta kafa mini sharaɗi. Ta ce: "Bato, in ka yi ƙarya ko guda, zan tashi in fita. In ka faɗi gaskiya, zan zauna har ƙarshe, sannan in san ko ni da 'yata muna da sauran zama a cikinku." To, wanda ya zo jin daɗin baki ya yi haƙuri.

Ya kasance mutum mai hannu. Shekara goma sha bakwai yana gyaran injuna a wata kwaleji a nan Birmingham, har zaftare ma'aikata ta biyo ta kansa, aka ba shi takardar sallama da kati mai hoton fure. Ya kasance mai zuwa in an kira shi. Dokta Nuru, lokacin da boiler ɗin da ke ɗumama flat ɗinku na Rusholme can Manchester ya mutu cikin sanyi, jaririyarku na tari, mai gidan haya ya ƙi ɗaga waya, wa ya kama hanya tun daga Ladywood a nan Birmingham da akwatin sifanu? Ya kasance in ya ce "ina zuwa", to a ɗora ruwan shayi. Mu kuwa mun san namu. Mu ne mutanen da ke cewa "ina zuwa" bayan mun riga mun juya ƙeya.

Da ya rasa aiki, bai zauna jiran tallafin council ba. Ya sayi jirgin sama a cikin kwalaye. Bututun alminiyam, fiffike na yadi, taya uku, inji da farfela a baya, sai littafi mai kaurin bulo. Jiragen dangi guda ne: akwai ƙarami mai kujera ɗaya, mai sauƙin haɗawa, akwai mai kujera biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya ɗauki ƙaramin. Ya ce: "In hau ni kaɗai kamar maye? Duk sai na ɗaga ku, ɗaya bayan ɗaya, ku ga garin nan da ke taka ku daga sama."

Shekara huɗu ya yi a garejin haya a Sparkhill, yana aikin lodi a warehouse da safe, yana ɗaure noti da yamma. Kowane mataki sai wani tsohon Bature mai dubawa ya zo ya sa hannu. Mu me muka sa? Suna. Keke Napep mai fiffike. A-daidaita-sahun gajimare. Ya shigo coci mu ce "Kyaftin ya sauka", ya yi dariya, mu yi dariya, amma ba dariya ɗaya muke yi ba. Ni na raɗa masa Kyaftin ɗin, kada wani ya ɗauke mini alhakina.

Da aka ba jirgin izinin tashi, shi ma ya sami lasisin ɗaukar mutum, ya sa rana, wata Asabar a watan Yuli, a filin wani manomi tsakanin nan da Manchester, don kada kowa ya ce nisa. Ya bi mu da littafi yana tambayar nauyin kowa, domin jirgin yana da iyakar abin da zai ɗauka. Mata suka yi ta shewa. Mutum arba'in da uku muka ba shi nauyinmu, kowa ya ce: "Muna zuwa." Kuskurensa ke nan, jama'a. Ya daɗe yana karanta littafin da ke cewa noti kaza a rami kaza, har ya manta yadda ake jin maganarmu.

Maman Kaneng ta yi gwate da masa da shinkafa. Ta je Stratford Road ta sayo naman halal don 'yan'uwanmu Musulmi su ci hankali kwance. Ita da Dung suna filin tun takwas. Sunana ne na farko a littafin. Ina Wilmslow Road a Manchester ina cin gasasshiyar kaza, na tura masa saƙo: "Muna hanya." Ya amsa: "Ku bi a hankali, iska na da kyau." Har ƙarfe huɗu yana leƙen ƙofar gona. Ko mutum ɗaya bai je ba.

Matar nan da kuke gani, ko matakalar lantarki ta kanti ba ta hawa sai ta rufe ido. Ita ta ɗaura hular kwano ta shiga kujerar baya, don kada tsofaffin Turawan da ke tashi da jiragensu a filin su ga mijinta ya tashi ba kowa. Abincin kuwa, su suka ci abin da suka iya, saura ya tafi bola. Bayan kwana tara Dung ya zo gidana ya gyara mini injin wanki kamar ba abin da ya faru. Wallahi da ma zagina ya yi.

Yanzu sai maganar mutuwarsa. Ciwon zuciya ne. GP, likitan unguwarsu, ya tura shi asibiti, ya yi wata bakwai yana jiran wasiƙa, ya faɗi a tashar bas da jakar abincinsa a hannu. Kafin gawarsa ta yi sanyi, saƙo ya zaga WhatsApp ɗinmu cewa Kyaftin ya faɗo daga sama, "da ma mun faɗa." Kaneng a jami'a ta karanta shi, kafin uwarta ta kira ta. Ku daina kallon ƙasa, na ga sunayen waɗanda suka tura. Nawa na ciki. Jirgin yana nan lafiya lau, ya tashi sau sittin da ɗaya bai taɓa ko karcewa ba.

Maman Kaneng, ban yi ƙarya ba, kin kuma zauna. Ba zan ce ki yi haƙuri ba, mun ci haƙurin gidanku har mun ƙoshi. Kaneng, ubanki ba mahaukaci ba ne, kuma ina jin kunyar cewa sai yau na faɗa a gaban mutane.

Ga takardar da Maman Kaneng ta miƙo mini yanzu, ta ce in karanta. "Na gode. Kada kowa ya biyo mu gida gaisuwa. Shugaba, a cire sunana da na Kaneng daga ƙungiya."

Mun gode wa Rabaran, mun gode wa matan da suka yi girki, mun gode wa duk wanda ya ci kuɗin mota ya zo. Ubangiji ya karɓi bawansa Dung, ya ba shi hutawa. Ya gafarta mana in da sauran wuri. Celestina da Kaneng kuma, ya Allah, ka ba su mutanen da suka fi mu. Amin.