Ɗan Bungudu Mai Manhaja

A tashar Gusau, Ashiru na zaune cikin motar Tsafe yana jiran ta cika, sai ya ga matar da ke gefensa tana sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta mata wasiƙa a waya.

"Hajiya, ke kika zaɓi wannan?"

"Ina! Cikin manhajar ofis aka cuso mana ita, kuɗinsu haɗe. A da, da ta wani ɗan Bungudu makarantarmu ke amfani, ta ma fi wannan jin Hausa."

"To me ya sa kuka bar ta?"

"Wa zai biya sau biyu, Malam? Shugabanmu ya soke."

Ashiru ya sunkuyar da kai.

"Ni ne ɗan Bungudun. Ku kaɗai kuka rage mini. Wurin shugaban naku za ni Tsafe, in roƙe shi."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Sauka, ɗan'uwana, tun ba a tashi ba. Ba zai canza shawara ba, kar ka yi asarar kuɗin mota."