Bokitin Siniya

A rumfar mai robobi, wasu mata biyu suna zaɓen bokiti.

"'Yar'uwa, wannan ƙaton fa? Gini za ki yi?"

"'Yata ce ta shiga aji huɗu, ta zama siniya! Shekara uku tana juniya, tana ɗebo wa manya ruwa har wuyanta ya sage. Ta ce in sayo mafi girma."

"Za ta iya ɗauka kuwa?"

"Ita da ɗauka? Ai 'yan aji ɗaya suna tafe. Kowa ya ci zomo ya ci gudu."

"Wace makaranta ce?"

"Ta kwana, bayan asibiti."

Mai tambayar ta dubi ɗan bokitin hannunta. "Can zan kai tawa gobe. Aji ɗaya."

"Allah sarki," in ji uwar siniya, ta ƙara rungume bokitin. "Tana dai da ƙarfin wuya ko?"