Tuddan da Kaka Ke Ba Jikanta

A tashar motar garin Tizi Uzu, wata tsohuwa na ajiye waya, dattijon gefenta ya tanka.

"Hajiya, wa kike koya wa sunayen tuddai?"

"Jikana Amayas, a Faransa. Littafin aljanu yake rubutawa, ya kafa masarautarsu a kan tuddanmu."

"Aljanu? Ki tsawata masa mana."

"In tsawata wa wa? Da ko ranar sallah ba ya kirana. Yanzu kowace Juma'a sai, 'Kaka, wa ke gadin tudun gaba?' Na gode wa Allah, aljanun ma na gode musu."

"Ni ɗan yankin ne fa, ban taɓa jin wannan Tudun Makauniyar Akuya da kika faɗa masa ba."

"Rage murya, Alhaji. Na gaskiyar sun ƙare tun kakar zaitun. Kana da wani ka ara min?"