Dambun Mama da Anko Ashirin da Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugabar wannan ƙungiya, Hajiya Mariyam, Allah ya ƙara girma. Mai unguwarmu na Talladje, ranka ya daɗe. Malam liman, Allah ya gafarta malam. Tanti Rahama, ma'ajiyar ƙungiya. Iyayena mata 'yan foyandi, da waɗanda suka zo a mota, da waɗanda suka zo a motar haya ta faba-faba, da waɗanda suka tako da ƙafa irinmu, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Sunana Hasiya, 'yar Malam Yahaya da Habsatu, ina ajin ƙarshe na kwaleji. Ina neman gafararku da na yi ƙarfin halin rubuta wannan takarda, na kuma tsaya gaban manya zan karanta ta. Cikin aji ma idan mushe, wato malaminmu, ya kira sunana, sai ya ce in maimaita don bai ji ba. Waɗanda Zabarmanci ya fi musu sauƙi su yi mini haƙuri, da Hausa na iya rubutawa. Mama ba ta san na rubuta ba sai da safen nan, kuma ba ta ce ta yarda ba. Na gode wa Hajiya da ta ba ni minti goma.

Saboda mai unguwa da malam liman, waɗanda ba sa zuwa foyandi, bari in faɗi abin da ya tara mu. Ranar Lahadin farko ta kowane wata iyayena mata sukan yini a gidan ɗaya daga cikinsu, a yi zubi, a ci, a yi hira. Shekarar Mama goma sha tara a ciki. Yau a wannan taro na shekara za a ɗaga hannu a kan ko za ta zauna ko za a fitar da ita. Laifi biyu ake faɗa: ta ƙi sayen anko a buki huɗu na bana, kuma da zagaye ya zo gidanmu ta ba mutane dambu da kopto, wato ganyen zogale.

Magana ta farko, yadda muka shiga bashi.

Shekara huɗu da suka wuce aka yi auren yayata Hadiza. Yawancinku kun zo, kuma har yau kuna cewa ba a yi buki irinsa ba a layinmu. Gaskiya ne. An yi rumfa uku, an yanka kaji har maƙwabta suka daina jin cara, an raba robobi masu hoton amarya, an fitar da anko iri biyu, na safe da na marece. Kwana biyu aka yi ana ci. Mu kuma shekara uku da wata huɗu muka yi muna biya. Jikka ɗari bakwai ne na sefa, yawanci na Alhaji Ƙasimu mai zannuwa a Maurey.

A shekarun nan Baba ya sayar da motonsa, wato babur ɗinsa, ya koma shiga faba-faba zuwa aiki. Aka cire firigo, firjinmu ke nan, daga kuran, wato wutar lantarki, ya zama wurin ajiye littattafaina, kuma ina shaida cewa gara ba ta shiga firigo. Sabulu gida uku ake yanka shi. Ganyen shayi sai ya yi aiki sau uku kafin a sallame shi. Mama takan tafi lambunan Gamkalle da sassafe ta sayo zogale daga hannun masu shi, domin a can jikka ɗaya tana cika buhu. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ƙofar gida. In aka yi sallama ni ake turawa, in ce Baba ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ɗaki. A lakol ana koya mini cewa ƙarya haramun ce, a gida ina yin ta sau biyu a mako. Wata rana wanda aka aiko ya dubi takalman, ya dube ni, ya ce in gaishe da mai takalmi idan ya dawo.

Ranar da Baba ya biya na ƙarshe, ya dawo da azahar, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ajiye takalmansa a fili inda kowa zai gani, ya ce, "Habsatu, yau ko wane ne ya yi sallama, a ce ina nan." Ya yi barci har la'asar ta kusa wucewa. Ban taɓa jin minsharin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Magana ta biyu, yadda muke zaune yanzu.

Ba zan ɓoye muku ba, gidanmu akwai abin dariya. Bashi ya ƙare amma ba a sanar da wuƙar yanka sabulu ba. Baba yana kashe fanka in mutum ya tashi shan ruwa. Takardar shaidar biyan kuɗin ya sa ta cikin gilashi ya rataye a sama da hoton aurensa. Har gobe in za shi kasuwa sai ya zagaye Maurey ta bayan layi, domin ƙafarsa ba ta yarda an gama ba. Sau ɗaya ya daure ya bi ta gaban kantin. Alhaji Ƙasimu, wanda a da ba ya amsa gaisuwarsa sai da hanci, ya taso har titi, ya riƙe hannunsa, ya ce sabon kaya ya iso, ya ɗauka kawai, ai ba gaggawa tsakaninsu. Baba ya ce ya bar tukunya a wuta. Baba bai taɓa ɗora tukunya ba tun da aka haife ni.

Amma firigo ya koma aikinsa. Muna cin nama ranar Juma'a. Maganin hawan jinin Baba ba ya yankewa, kuɗin lakol ɗina ba a jira sai an koro ni. Ko wa ya yi sallama, ina fita da fuskata a sake. Wannan shi ne arzikinmu, kuma shi ne ake kira rowa.

Magana ta uku, anko.

Bayan an gama biya, ni da Mama muka buɗe akwatinta muka ƙirga. Anko ashirin da uku. Kowane sau ɗaya aka sa shi, domin kun fi ni sani, ba a zuwa sunan wance da zanen bukin wance, nan take za a gane. Ashirin da uku, iyayena, suna kwance cikin akwati suna jin ƙanshin kafur, mu muna waje muna yanka sabulu. Yanzu mun fito da su. Labulen ɗakinmu anko ne, rigar matashin Baba anko ce, jakar littattafaina anko ce, wannan da ke jikina ma anko ne. Na ga wasu suna ƙare mini kallo suna son tuna na bukin wa ne. Ba zan faɗa ba. Zan dai ce zanen yana da ƙarko, domin wasu daga cikin aurarrakin da aka saye su dominsu sun riga zanen mutuwa.

Abin da na kasa fahimta, kuma na yi ta tunani a kai, shi ne wannan. Lokacin da Mama take ɗaukar anko bashi, ana kiranta Hajiya tun ba ta je ba, ana ba ta kujerar gaba. Lokacin da take biya, an ce a yi mata uzuri, tana cikin hali. Yanzu da ba wanda yake binta ko dala, yanzu ne ta zama abin kunya. Ke nan a wurinmu mai bashi mutuniyar kirki ce, wadda ta biya kuma abar tuhuma. Na tambayi malamar lissafinmu, Madam Kadi, ta ce wannan ba ya cikin abin da ta karanta.

Magana ta huɗu, dambu.

Da zagaye ya zo gidanmu a watan jiya, Mama ta tashi tun asuba. Ta yi dambu roba uku manya, ta kwaɗa kopto da ƙuli da albasa, ta yi bisap, wato zoɓo, mai sanyi. Ba kaji, ba lemon kwalba, ba lasifika, ba robar rabo. Ni na zuba ruwan wanke hannu, don haka na ji abin da aka ce. Wata ta tambaya ko rasuwa aka yi ba a sanar ba. Wata ta ce dambu ai abincin tasha ne. Wata ta ce ita likita ya hana ta ganye. Mama tana tsaye da ludayi tana murmushi kamar ba ta ji ba.

Ni ce kuma na wanke robobin, kuma ina tabbatar wa wannan taro mai albarka cewa ban sha wahala ba. An riga an taya ni. Wadda likita ya hana ganye sau biyu ta ƙara. Leda huɗu suka fita gidanmu a ƙarƙashin mayafi. Ban san yadda abinci zai zama cin mutunci a baki ya zama guzuri a jaka ba.

Yanzu abin da ya sa na rubuta. Mama ta ce a bar su su yi abin da suka ga dama, ba za ta roƙi kowa ba. Amma ni nake kwana ɗaki ɗaya da akwatinta, kuma na ga tun ranar Alhamis ta goge mayafin da za ta sa yau, ta sake goge shi jiya. A shekara goma sha tara ba ta taɓa fashin zubi ba, har a watan da muka yi kwana tara muna cin tuwo da miya ɗaya. Da kakata ta rasu a Maradi, ku kuka cika mota kuka raka ta. Da aka kwantar da Tanti Rahama a asibiti, Mama ce ta yi mako tana kai kunu. Ba ta da 'yar'uwa a Yamai sai ku. In kun fitar da ita ba kuɗi za ta rasa ba, ku za ta rasa, kuma ba ta da inda za ta sayo wasu ko da bashi.

Akwai abu ɗaya da ya rage, wanda Mama ta ce kada in faɗa, ni kuma zan faɗi rabinsa. Tun ranar dambun nan, mata bakwai daga cikin wannan taro sun zo gidanmu. Ba tare suka zo ba. Ɗaya-ɗaya suke zuwa, da tsakar rana lokacin da zafi ya kori kowa daga layi, kowace ta ce wucewa take yi. Gidanmu a ƙarshen lungu yake, ba a wucewa ta nan zuwa ko'ina. Su shiga ɗaki, a saki labulen anko, sai in ji an rage murya: "Habsatu, don Allah yaya kika yi kika fita daga bashi?" Mama ta zauna ta faɗa musu, ta raka su ƙofa, ba ta taɓa gaya wa ɗaya zuwan ɗaya ba. Yau na gaya muku: ku bakwai ne. Kowace ta san ba ita kaɗai ba ce.

Roƙona kaɗan ne. A bar Mama a foyandi. Anko ya zama ɗaya a shekara, wadda ta iya ta saya, wadda ba ta iya ba ta zo da zanenta wankakke. Wadda zagaye ya zo gidanta ta dafa abin da tukunyarta ta iya, ba abin da kantin Maurey ya yarda ba.

In an zo ɗaga hannu, ni zan sunkuyar da kaina in dubi takalmina, kamar yadda na saba. Ba zan ga wadda ta ɗaga ba, ba zan ga wadda ta ƙi ba. Sunaye bakwai ɗin nan ba su cikin wannan takarda, kuma ko yaya ƙuri'a ta kaya, ba za su fito daga bakina ba. Mama ta riƙe muku sirri ba ku biya ta ko dala ba. Ku duba abin da za ku riƙe mata.

Allah ya biya wa duk mai bashi bashinsa, na bayyane da na ƙarƙashin mayafi. Allah ya sa kowane uba a Talladje ya iya barin takalmansa a fili. Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya ba mai unguwa haƙuri da mu, ya saka wa malam liman da alheri, ya bar zumunci tsakanin iyayena, ya mai da kowa gida lafiya.

Hajiya, in an bar Mama, zagaye zai sake zuwa gidanmu bayan wata ashirin da biyu. Ina neman izini a ranar in sake rubuta 'yar takarda, gajeriya, ta godiya kawai. Dambu za a yi. Leda kuma mu za mu tanada, kada kowa ta wahalar da mayafinta.

Na gode.